Yadda ɗaliban likitan haƙori za su auna koyarwar da ake musu a gefen kujera

Duk lokacin hutu, ƙannenmu 'yan Gombe da Bauchi da ke karatun likitan haƙori a jami'o'i daban-daban sukan leƙo ɗan asibitin da nake aiki a nan cikin garin Gombe, wasu don su ga aiki, wasu don gaisuwa. Da an yi la'asar, marasa lafiya sun ragu, hirar ba ta wuce ta malamai. Wannan ya ce Cif wane, wato babban likitan da ke koyar da su, ba shi da na biyu, wancan ya ce shi kam tun da ya shiga sashen bai ƙaru da komai ba. In na ce su ba ni dalili sai a yi shiru, ko a ce haka dai abin yake. Daga nan tambayar ke fitowa: Dakta, ta yaya aji zai auna koyarwar asibiti har a saurare shi, ba tare da an ce ya yi wa malamai rashin kunya ba? An maimaita mini ita har na ga gara in rubuta amsar wuri guda.

Abin ya dame ni ne saboda ɗalibin haƙori yana sa inji a bakin mutum mai rai tun kafin ya sami lasisi, kuma abin da ya fafe daga jikin haƙori ba ya sake tsirowa. In malami bai tsaya kansa yadda ya kamata ba, ɗalibi zai yi asarar ilimi, amma mai haƙorin ne zai kwana da ciwo. Saboda shi za ku yi wannan aiki, kuma in kun riƙe haka a zuciya, harshenku zai yi laushi da kansa.

1. Ku raba kayan gida huɗu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya fito daga kilinik ransa a ɓace, ya ɗora wa malami komai. Alhali ranar an ɗauke wuta, janareta babu mai, kwamfuresa ba ta ba da iska, kujeru uku sun lalace. Malam ba shi ke sayen gas ba. Don haka tun kafin ku rubuta tambaya ko ɗaya, ku zauna ku raba abin da za ku auna.

Gida na farko shi ne malami da kansa: zuwansa, tsayuwarsa a kan ɗalibi, yadda yake nuna aiki da hannunsa, yadda yake gyara kuskure. Na biyu shi ne damar da ɗalibi ke samu: marasa lafiya nawa ya taɓa, sau nawa kujera ta zo kansa, ko ya sami ire-iren aikin da littafin sa hannu ke nema, wato littafin da malami ke sa wa hannu a kan kowane aikin da ɗalibi ya yi. Na uku kayan aiki: safar hannu, takunkumi, allurar kashe zafi, kayan ciko, injin hoton haƙori, tukunyar dafa ƙarafa. Kowane gida da mai shi. Na farko malamin ne zai gyara, na biyu shugaban sashe, na uku hukumar asibiti da ta jami'a. In kuka cakuɗa su, kowa zai ce ba da shi ake ba.

Gida na huɗu ku ne. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. Wanda bai karanta matakan aikin ba kafin ya zo, ko ya iso bayan an raba marasa lafiya, bai kamata ya auna malami da mudun da zai auna wanda ya zo da shiri ba. Ku sa tambayoyi 2 ko 3 a kan kanku. Malamai na ganinsu za su san da gaske kuke.

Gargaɗi: kada ku ce za ku auna tsangaya gaba ɗaya a karo guda. Ku ɗauki fostin ɗaya, wato zangon da ake tura ku wani sashe ku koyi aiki, misali na sashen ciko da gyaran haƙori, ko na tiyatar baki da muƙamuƙi, ko na haƙoran yara. Kuma in kun zo lissafa masu koyar da ku, kada ku tsaya kan kwansaltan, wato manyan ƙwararrun likitoci, kawai. Rajistarori, wato likitocin da ke samun horon ƙwarewa, su ne galibi ke tsaye a kanku, ga ma'aikatan jinya, ga masu haɗa haƙoran roba a lab. Ni kaina, jera haƙoran roba a wajen wani dattijon ma'aikacin lab na iya shi, mutumin da sunansa bai taɓa fitowa a jadawalin darasi ba.

2. Kwamiti da izini

Ku zaɓi mutum 3 zuwa 5, da wakilin aji a ciki, da mace aƙalla ɗaya. Ku guji sa wanda kowa ya san yana da jiƙaƙƙiya da wani malami, haka ma wanda aka sani ɗan gaban goshin wani ne. Kwamitin ya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe, ya faɗi abin da za a auna, da lokacin, da wanda zai ga sakamakon. Ku tambaya ko makaranta tana da nata fom. In akwai, ku cike shi da gaskiya, naku ya zama ƙari a kansa.

Gargaɗi: kada shugaban sashe ya fara jin labarin a bakin wani. Aikin da aka fara a ɓoye, ko da niyyarsa mai kyau ce, sunan makirci zai ci. Sannan in akwai mai tunanin mayar da sakamakon aikin bincikensa na shekarar ƙarshe ko buga shi a mujalla, dole ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin kafin a raba fom ko ɗaya. Ba a neman ta bayan an gama.

3. Littafin aljihu

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Zuciyar mutum ba ta riƙe makonnin fostin daidai. Abin da take riƙewa shi ne ranar da aka yi masa tsawa da ranar da aka yabe shi, sauran kwanakin su bi iska. In aka ba ɗalibi fom a ƙarshen fostin ba shi da rubutu, da waɗannan ranaku biyu zai cike shi.

Kowa ya sayi ƙaramin littafi da zai shiga aljihun farar riga. Bayan kowane kilinik, kafin ya bar harabar asibiti, ya ba shi minti 5. Ya rubuta kwanan wata da wanda ya tsaya a kansa. Ya rubuta ƙarfe nawa aka fara, marasa lafiya nawa ya gani, nawa ya yi wa aiki da hannunsa, nawa ya tsaya kallo. Ya rubuta minti nawa ya jira kafin a zo a duba aikinsa, domin wannan jira shi ne ke cinye rabin yinin ɗalibi, mara lafiya na kwance baki buɗe, allurar kashe zafi na sakinsa. Sai ya rubuta abu ɗaya da aka koya masa yau wanda jiya bai sani ba. In babu, ya rubuta babu.

Akwai wuraren da malami ya kamata ya tsayar da kai ya duba, kuma su ne za ka fi sa wa ido. A ciko, wuri uku ne: kafin ka taɓa haƙorin, ya ji abin da ka gano da abin da ka shirya yi; bayan ka fafe ramin, kafin ka zuba komai a ciki; sai bayan ka gama, ya duba gefe-gefen cikon da yadda cizo ya zauna. Na tsakiyar ya fi muhimmanci, don da zarar an rufe rami, ruɓar da aka bari a ƙasa ta ɓuya daga idon kowa sai ranar da ta tashi. A cire haƙori kuwa, ka lura ko an tambaye ka tarihin mara lafiya kafin a bar ka ka ɗauki sirinji: hawan jini, ciwon sukari, sikila, juna biyu, maganin da ke tsinka jini. Ka lura ko an tsaya kanka lokacin allurar jijiyar muƙamuƙin ƙasa, an ga ka ɗan ja sirinjin baya ka tabbata ba cikin jijiyar jini kake ba kafin ka tura maganin. Ka lura ko an gyara maka tsayuwa da riƙon awartaki, ko kuwa sai da saiwa ta karye aka zo.

Ka rubuta abin da ya faru, kada ka rubuta hukunci. "Mugu ne" ba shi da amfani ga kowa. "Na kira shi sau 2, ya zo bayan minti 40, ya sa hannu bai duba ramin ba" magana ce da za a iya gyarawa. Haka nan alheri: "Ya karɓi injin ya nuna mini kusurwar, ya mayar mini na ƙarasa da kaina." Wannan malamin ya cancanci a san abin da yake yi, don wasu su kwaikwaya.

Gargaɗi mai nauyi: sunan mara lafiya, lambar fayil ɗinsa, lambar wayarsa, hoton fuskarsa ko na bakinsa, babu wanda zai shiga littafin nan ko wayarka da sunan hujja. Amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Kada kuma ka naɗi muryar malami a ɓoye. Ranar da abin ya fito, kai za a tuhuma, maganar koyarwa kuma ta mutu.

4. Tsara tambayoyi

Fom biyu za ku yi. Na farko na malami ne, shafi ɗaya, kowane ɗalibi zai cike wa kowane malamin da ya tsaya kansa aƙalla sau 3. Na biyu na sashe ne gaba ɗaya, shafi biyu, ya ƙunshi dama da kayan aiki da ku kanku.

Shawarata ita ce ku tambayi yawan faruwar abu maimakon ku tambayi ra'ayi. Mu nan an tarbiyyantar da mu kan girmama malami, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma tana sa hannu ya yi nauyi wajen rubuta "ban yarda ba" a gaban sunan farfesa. Amma in ka tambayi ɗalibi sau nawa abu ya faru, zai faɗa ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba. Ku sa ma'auni mai hawa 5: 1 bai taɓa ba, 2 jefi-jefi, 3 kusan rabin lokaci, 4 galibi, 5 kullum. Ku ƙara akwati na shida, "ban sami damar gani ba", don kada wanda bai sani ba ya yi ta zuba 3.

Ga irin jimlolin da za su shiga fom ɗin malami:

- Yana cikin kilinik a lokacin da aka tsara masa.
- Yana jin shirin aikina kafin in taɓa mara lafiya.
- Yana nuna sabon aiki da hannunsa kafin ya ce in yi.
- Yana duba aikina da idonsa kafin ya sa hannu.
- In na yi kuskure yana faɗa mini takamaiman abin da zan gyara.
- Yana barina in ƙarasa aikin da zan iya.
- Yana karɓar aiki daga hannuna in ya ga mara lafiya zai cutu.
- Yana gyara mini ta hanyar da mara lafiya ba zai fitar da rai da ni ba.
- Ina iya cewa ban sani ba a gabansa.
- Yana kiyaye wanke hannu, safar hannu da takunkumi kamar yadda yake umartar mu.
- Abin da yake nema a aiki ya dace da abin da sauran malaman sashen ke nema.

Ta takwas ɗin daga jikina na ciro ta. Ina ɗalibi, an taɓa yi mini faɗa da ƙarfi a kan wata tsohuwa da nake shirin cire wa turmi. Ba ta jin Turanci, amma ta ji muryar, ta ga fuskata. Sai ta rufe bakinta, ta ce a kira mata babban. Gyaran da aka yi mini daidai ne, har yau ina aiki da shi, amma da an ja ni gefe taku uku kawai, da na ƙarasa aikin, da ita ma ba ta koma gida da tsoron ɗalibai ba. Ta ƙarshen kuma tana da muhimmancin da ba a cika ganewa ba: wannan malami ya ce ramin ya yi faɗi, gobe wani ya kalli irinsa ya ce bai isa ba, ɗalibi ya koma koyon halin malamai ya bar koyon haƙori.

A fom ɗin sashe ku tambayi adadi: ciko nawa ka yi, cirewa nawa, wankin haƙori nawa, haƙoran roba nawa, kwana nawa aka fasa kilinik da dalilin fasawa, sau nawa ka sayi kayan aiki da kuɗin aljihunka. Ku tambaya ko an koya muku abin da za ku yi in allura ta soke ku, da wurin da za ku garzaya, tunda maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a sa'o'in farko. Ku tambaya ko an nemi shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ku fara taɓa marasa lafiya. Ni zan ƙara tambaya ɗaya ta yankinmu: shin ana haɗa koyarwa da irin mutanen da za mu dawo mu tarar a gida? Wanda zai yi aiki a Gombe zai ga tabon haƙori na yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha kamar yadda aka san shi a wajajen Kaltungo, zai ga karayar muƙamuƙi daga haɗarin babur, zai ga wanda ya jure ciwo wata da watanni sai da fuska ta kumbura, zai kuma nemi yardar mara lafiya da Hausa ko Fulatanci ko Tangale. Malamin da ke koya maka yadda za ka bayyana wankin jijiyar haƙori ga dattijon da ya taso daga Dukku ya ba ka abin da babu shi a littafi.

A ƙasan kowane fom ku bar fili na tambaya biyu: abu ɗaya da ya kamata a ci gaba da yi, da abu ɗaya da ya kamata a sauya. Ɗaya-ɗaya kawai. In kuka buɗe ƙofa da yawa, za a cika muku takarda da huce haushi.

Gargaɗi: kada ku cusa abu biyu a jimla ɗaya. "Yana zuwa da wuri kuma yana koyarwa da kyau" ba ta amsuwa, don akwai mai sammako da ba ya koyarwa, akwai mai makara da in ya zo ana ƙaruwa. Kada ku rubuta jimlar da amsarta ke cikinta, irin "Ba ka ganin ana wulaƙanta ɗalibai?" Kada jimlolin fom ɗin malami su wuce 15. Tunda ajinku ya haɗa ƙabilu, ku rubuta fom ɗin da Turanci mai sauƙi da kowa zai fahimta iri ɗaya.

Za ku ji ana maganar wani ma'auni mai suna DREEM, wanda aka fitar daga jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotlan a 1997. Jimloli 50 ne, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, jimilla 200. Yana da kyau in makaranta na son ta san yanayinta gaba ɗaya ko ta gwada kanta da wasu, amma ba zai gaya muku ko malami ya duba rami kafin ciko ba. In za ku yi amfani da shi, ku ɗauke shi yadda yake, kada ku sassauya jimlolinsa, kuma ku lura 9 daga cikinsu ana juya makinsu wajen lissafi.

5. Gwaji

Ku ba mutum 5 da ba sa cikin kwamiti su cike. Ku duba agogo: fom ɗin malami kada ya wuce minti 4. Ku tambaye su wace jimla ce ta rikita su, ku gyara ta ko ku cire ta.

6. Ranar cikewa da abin da za a kashe

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an sa hannu a littattafanku kuma an yi jarrabawar ƙarshen fostin, amma kafin sakamako ya fito. In kun yi kafin sa hannu, tsoro ne zai cike fom. In kun yi bayan sakamako, wanda ya ci zai yi godiya, wanda ya faɗi zai rama.

Takarda ta fi ba da natsuwa a ƙaramin aji. Ku taru a ɗaki ɗaya babu malami, kowa da biro iri ɗaya, a ninke a jefa cikin kwali da aka liƙe. Ga yadda za ku yi lissafin kuɗi: a ce ku 24 ne, malamai 6. Fom ɗin malami shafi 144 ke nan, na sashe shafi 48, duka 192, bai kai rabin rim ɗaya mai takarda 500 ba. In a shagon da kuke buga takardu shafi naira 50 ne, kuɗin ya kama naira 9,600, wato 400 a kan kowa. Ku tambayi farashin ranar ku ninka, sannan ku ƙara kuɗin ambulan, biro da salatif. Daga asusun aji za a fitar. Kada ku karɓi gudummawar wani malami, ko da da zuciya ɗaya ya bayar.

In kun fi son waya, Google Forms kyauta ne, data kawai zai ci, kuma shi ke tattara amsoshi cikin jadawali da kansa. Ku tabbata kun kashe wurin da ke karɓar adireshin imel. Don hana mutum ɗaya cikewa sau biyu, ku rubuta lambobi daban-daban a gutsattsarin takarda, ku zuba cikin hula, kowa ya ɗauki ɗaya ba tare da an gani ba, ya sa ta a fom ɗinsa. Inda sabis ke wahala, KoboToolbox yana karɓar amsa ba intanet, ya tura daga baya.

Gargaɗi: a ajin mutum 24 mai mata 5, in kun tambayi jinsi da shekaru da jiha, kun rubuta sunan mutum ke nan. Ku bar waɗannan tambayoyi. Rubutun hannu ma shaida ne, malamin da ya yi shekara yana duba littafinka ya san shi. Kwamiti ya sake buga duk sharhi a kwamfuta, ya cire abin da zai nuna mai maganar, asalin takardun kuma kada su bar hannunsa. Kada a tilasta wa kowa, kada kuma a zauna a zauren WhatsApp a shirya makin da za a ba wane. Amsoshi 20 masu kama da juna sak kowa zai gane su.

7. Lissafi

Ku fara da yawan waɗanda suka cike. In 20 cikin 24 ne, kashi 83 cikin 100 ke nan, ku rubuta shi a saman rahoto. In bai kai rabin aji ba, ku sake zama, don galibi masu fushi ne ke riga kowa zuwa.

Ku zuba amsoshi a Excel ko Google Sheets, kowane fom layi ɗaya, mutum ɗaya na karantawa, ɗaya na bugawa, na uku na dubawa. Kada ku dogara da matsakaicin maki shi kaɗai. Misali, a jimlar duba aiki kafin sa hannu, mutum 4 sun ba da 5, mutum 6 sun ba da 4, mutum 3 sun ba da 3, mutum 5 sun ba da 2, mutum 2 sun ba da 1. Jimilla 65, a raba 20, ya ba da 3.25. Wannan lamba ba ta ce komai ba. Amma in kun ce mutum 10 cikin 20 ana duba aikinsu galibi ko kullum, mutum 7 kuma jefi-jefi ko ba a taɓa ba, kowane shugaban sashe zai ɗaga kai. Daga nan sai a koma littattafan aljihu a ga ko bakwai ɗin nan 'yan kilinik ɗin rana ɗaya ne, ranar da malami ɗaya ke kan kujeru da yawa. In haka ne, matsalar ta bar gidan malami ta koma gidan jadawali.

Gargaɗi: malamin da bai sami fom 5 ba, kada ku fitar masa da sakamako na kansa. Kada kuma ku jera malamai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Mai tsanani da ke sa ka sake aiki sau uku zai iya samun maki ƙasa da mai fara'a da ke sa hannu a tsaye, alhali na farkon ne ke gina ka. Shi ya sa kowace jimla za a karanta ta ita kaɗai.

8. Rubuta rahoto da miƙa shi

Shafi 2 sun isa. Ku fara da abin da ke tafiya daidai, da misalai na gaske, ba don daɗin baki ba. Sai abubuwa 3 kacal da kuke roƙon a gyara, kowanne da adadinsa da shawarar da za ta yiwu ba sai an jira kasafin kuɗi ba: a sa rajistara na biyu ranar da kilinik ke cika, malaman sashe su zauna su fitar da takarda ɗaya ta abin da ake nema a ramin ciko, a liƙa jadawalin kujeru a bango. Maganar kujerun da suka lalace da injin hoto ku ware mata sakin layi nata, a rubuce cewa ta hukuma ce.

Rahoton sashe ba ya ɗauke da sunan kowa. Sakamakon kowane malami a sa shi a ambulan ɗinsa a liƙe, a ba shugaban tsangaya ya miƙa bayan an shigar da makin jarrabawa. Ku nemi ganawa, ku je ku 3, ku yi gaisuwa yadda aka saba, ku gode, wakilin aji ya ce: ranka ya daɗe, ga abin da muka gani, mun kawo ne don a duba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma yawancin malaman da na sani, in aka zo musu da adadi da ladabi, suna karɓa, ko da fuska ta ɗan sauya a ranar farko.

Gargaɗi: kada rahoton ya hau Facebook ko ya zagaya zaurukan WhatsApp. Sannan akwai abubuwan da ba na fom ba ne sam: neman ɗaliba da lalata, neman kuɗi kafin sa hannu, duka, ko aikin da ke jefa ran mara lafiya cikin haɗari, kamar amfani da ƙarafan da ba a dafa ba. Waɗannan ba a jira ƙarshen fostin. A kai su ga shugaban tsangaya ko ofishin kula da harkokin ɗalibai a ranar, a rubuce, wanda abin ya shafa kuma kada a bar shi ya je shi kaɗai.

9. Bibiya

Kafin ku tashi daga ganawar, ku roƙi a sa ranar da za ku dawo, bayan mako 6 ko 8. Ranar ku zo da abubuwa ukun nan kawai, ku ji wanne aka yi, wanne ake kai, wanne ba zai yiwu ba da dalilinsa, ku kai wa aji amsar yadda aka ba ku. In an gyara ko da abu ɗaya ne, ku rubuta wasiƙar godiya.

Hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi da hukumar NUC mai kula da jami'o'i suna zuwa tantance makarantu lokaci-lokaci, kuma masu tantancewa sukan so jin ta bakin ɗalibai. Ajin da ke da rahoton shekara biyu ko uku a hannu zai yi maganar da ke da tushe, makarantar ma za ta iya nuna abin da ta gyara. Don haka ku ajiye kwafi a ofishin ƙungiyar ɗaliban haƙori ta makarantarku. Kafin ku bar sashen, ku kira kwamitin ajin da ke bayanku ku damƙa musu fom ɗin babu sauyi a jimlolinsa, da jadawalin lissafi wanda aka goge amsoshin cikinsa, da kwafin wasiƙar izini, da ranar da ya kamata su sayi littattafan aljihunsu, wato mako ɗaya kafin su shiga kilinik.